Zauren Kawu Injiniya: "Ina so in farke GPS ɗin Baba in ga abun da ke ciki"

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa, ya sanyi? Mu dai nan Bauchi hazo ya sauko sosai, da safe in ka tsaya wajen Wunti ko duwatsun gari baka hangowa, leɓe duk ya tsage. Wannan karon saƙonni huɗu na ware saboda duk akan abu ɗaya suke, wato 'yar na'urar nan ta GPS ta hannu, mai nuna wa mutum inda yake a doron ƙasa, da malaman gona da safiyo da masu haƙa rijiyar burtsatse suke ratayawa a wuya. Masu tambaya akan inbata da sola ku ƙara haƙuri, sai wata mai zuwa in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Slm Kawu Injiniya, ya aiki ya iyali. Ni ɗalibi ne anan Bauchi ina karanta lantarki ajin farko. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa malamin gona ne, yana da wata 'yar GPS da yake zagaya gonakin mutane da ita yana faɗa musu hekta nawa ce. Kwanaki muna gyaran ɗakinsa na ganta cikin akwati da batir a ciki tun shekarun baya, wani farin gari duk ya cika wajen batir ɗin, na sa sabo taƙi kawowa. Ni dai wallahi so nake in farke ta in ga me ke ciki, don abun yana ɗaure min kai, yaya abu kamar sabulun wanka ba sim ba data zai san inda mutum yake? Kuma in na buɗe zata gyaru? Daga ɗanka a Gwallameji.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya raya abun da ya bari.

Toh kafin komai ajiye sukudireban nan tukuna. Na san ƙaiƙayin da hannunka yake yi, nima da shi na taso, rediyon kakana ce abu na farko da na kwance ina ɗan shekara goma sha, da na mayar sai ga kusoshi uku sun yi saura, ranar na sha dorina. Amma na'urarka da alama ciwonta a bakin ƙofa yake ba a cikin ɗaki ba. Farin garin nan ruwan batir ne ya zubo ya bushe, ya ci ƙarafan da batir ke taɓawa, wuta bata wucewa. Ka duba jikin tsohon batir ɗin in baka yar ba. In an rubuta alkaline to abun da ya zubo dangin ruwan toka ne, kamar sodar da mata ke haɗa sabulu, maganinsa tsami, sai ka ɗiga lemon tsami a ɗan auduga ka goga zaka ga yana 'yar kumfa. In kuma irin batir ɗin tocila ne mai arha na mai tebur, nashi ruwan tsami-tsami ne, ɗan ruwan kanwa ya fi dacewa dashi. Ɗigo nace, ba wanka ba. Sai ka bi da sifirit da tsohon burushin haƙori, ka kankare ƙarfen a hankali da bakin reza har ya yi haske, ka barta ta bushe sosai, kar ka kai hannun ido ko baki sai ka wanke. Ka ɗan ja sifirin ɗin da batir ke dannawa, wato murɗaɗɗiyar wayar nan, in ya kwanta. Sa sabon batir mai kyau ka danne madannin kunnawa na 'yan daƙiƙu. Da yawa daga waɗanda ake kawo min shago da sunan sun mutu iya nan aikinsu yake ƙarewa, har kunyar karɓar kuɗi nake.

In ta kawo, ka fita da ita fili, filin ƙwallo ko saman bene, ka ajiye ta fuskarta na kallon sama ka ƙyale ta kamar minti ashirin. Kar ka ce ta lalace don ta daɗe tana nema, zan faɗa maka dalili a gaba. Kuma don Allah kar ka bari wani mai gyaran waya yace bari ya yi mata risetin ko filashin. Duk gonar da Baba ya tsaya a kusurwarta ya danna, da sunan da ya sa mata, suna nan a ƙwaƙwalwarta, a yawancinsu bata gogewa don batir ya mutu. Na taɓa tada wata irin wannan na tarar da sunaye jere, Gonar Liman, Rijiya 2, Fadama, Kan Tudu, mai ita ya zauna akan benci yana karantawa bai ce min uffan ba har na gama sallamar wani. Ka kwafe su a littafi da lambobinsu kafin ka yi komai.

Yanzu in duk ka yi wannan taƙi, to babu abun da zaka yi asara, bismillah mu shiga ciki.

Ka shimfiɗa farin ƙyalle akan tebur, ka samu murfin kwalba na zuba kusoshi, ka cire batir, ka riƙa ɗaukar hoto da wayarka duk matakin da ka wuce. Lokacin hunturu ne, kaga yadda in ka cire rigar sanyi da dare kake jin ƙas ƙas har da ɗan tartsatsi? Wannan kaɗai ya isa ya kashe ayisi, wato 'yan baƙaƙen ƙwayoyin lantarkin nan da ke aikin na'urar, don haka ka taɓa ƙarfen ƙofa ko famfo kafin ka taɓa fanel, wato allon da aka like kayan lantarkin akai, kuma ta gefe zaka riƙe shi. Buɗewar kala biyu ce. Wasu kusoshi ne a baya, ƙanana masu kai kamar tauraro, sai ka ari sukudireban masu gyaran waya, kar ka ce zaka tilasta da bakin wuƙa ka cinye kan. Wasu tsofaffin kuma ba kusa ko ɗaya a waje, wata baƙar roba ce ta zagaye jikinsu da gam, sai ka ɗaye ta, ƙarƙashinta akwai salatif, ƙarƙashin salatif sai 'yan haƙoran roba da suka cije juna. Tsohon katin ATM ya fi komai daɗin raba su.

Nan ne wajen da na taɓa kwafsawa. Ta farko da na fara buɗewa ta wani kwastoma ce, tana rabuwa na ɗaga murfin da ƙarfi kamar mai fasa goro, sai naji tsit, ashe akwai wata siririyar waya mai faɗi ruwan zuma, wadda masu gyara ke cewa fileks, ita ta haɗa gilashin da fanel. Na yage ta. Ba a samu irinta ba ko a Kano, ƙarshe dai rabin kuɗin wata na biya, na ba da haƙuri. Don haka in ta buɗe ka ɗaga kaɗan ka leƙa kamar mai leƙa tukunya. Inda fileks ɗin ya shiga akwai ɗan makulli baƙi, da farce ko matsefata ake ɗaga shi, sannan ya zare da kansa.

Zan faɗa maka gaskiya, ganin farko zaka ji kamar an cuce ka. Koren fanel ne guda ɗaya da bai kai tafin hannunka ba, da gilashi, da robar madannai, da wani siririn zobe na roba a bakin murfin. Shikenan. Wurin batir ma ya fi komai cin fili. Amma bi su ɗaya bayan ɗaya.

Can sama zaka ga wani ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu kamar Maggi da aka danne, na tangaran, samansa an shafe da ƙarfe da ɗan ɗigon dalma kusa da tsakiya. Wannan ita ce eriya, ita ce kunnen na'urar. Masu ɗan ƙaho a ka irin su Garmin GPSMAP 64 tasu eriyar daban ce, wayoyi ne a murɗe cikin ƙahon, shi yasa su a tsaye ake riƙe su, mai ɗan Maggi kuma a kwance ta fi ji. An yanka girman eriyar ne daidai da tasha ɗaya tak, 1575.42 MHz, kaga rediyon FM ɗinmu tsakanin 88 da 108 take. Kar ka kankare ta kar ka ɗiga mata dalma, ka canza mata tasha kenan.

Me take saurare? Taurarin ɗan adam na Amurka, sojojinsu ne suka ƙirƙiro abun, sun harba na farko a 1978, tsarin ya cika a 1995. Ana buƙatar 24 amma masu aiki sukan kai talatin da 'yan kai, suna can sama kilomita 20,200, wato tafiyar Bauchi zuwa Gombe sau ɗari da wani abu, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. Kuma ba wani dogon zance suke ba, kowanne abu ɗaya yake ta maimaitawa dare da rana: ni ne wane, ina wuri kaza, yanzu ƙarfe kaza. Na'urarka bata ce musu komai, basu ma san tana duniya ba. Amsar tambayarka ta sim da data kenan, ai rediyo ma bata cin kati.

Yadda take gane nisa kuwa ka san shi tun kana yaro. Da damina in aka yi walƙiya kana ƙirgawa kafin kaji tsawa, daƙiƙa uku kusan kilomita ɗaya kenan. Haka take yi, sai dai saƙon tauraro da gudun haske yake zuwa, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka duk wannan nisan bai kai kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba ya iso. In ta san nisanta da taurari uku ta kusa gane inda take. Matsalar agogo ce. Taurarin suna ɗauke da agogon atom mai tsadar tsiya, ita kuma nata ɗan kiristal ne na kuɗi kaɗan, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa mita 300 ne a ƙasa, ka tsaya a gidanku tace kana layi na uku. Shi yasa sai ta ji tauraro na huɗu, da shi take gyara agogonta. Ni wannan dabarar ce ta fi burge ni a duk lamarin, an bar tsada a sama an ba talaka lissafi.

Ƙasan eriyar zaka ga wani ɗan murfin gwangwani an like shi da dalma akan fanel. Kar ka ɓalle shi, na roƙe ka, in ba ka haƙura da na'urar gaba ɗaya ba. Abun da ke fitowa daga tauraron ƙarfinsa bai wuce na ƙwan lantarki irin na da ba, ka ƙiyasta me zai rage bayan wannan tafiyar, yana isowa ƙasa ya fi shuuu ɗin da ke cikin iska rauni. Har hayaniyar da sauran kayan fanel ɗin ke yi ta isa ta danne shi, shi yasa aka killace masa ɗaki. Cikin gwangwanin akwai ɗan amfilifaya mai ƙara ƙarfi ba tare da ƙara hayaniya ba, da matata mai zubar da duk abun da ba tashar ba, da kiristal mai gyara kansa in zafi ya canza, sannan ayisin GPS ɗin kanta, baƙa, bata kai farcen ƙaramin yatsa ba. Kowane tauraro yana da nashi zaren lambobi da yake maimaitawa, ayisin ta haddace su duka, sai ta riƙa gwadawa da abun da take ji har ya dace. Kamar uwa ce a tsakiyar kasuwar Muda Lawal, hayaniya ta ko'ina amma kukan ɗanta zata tsinta. A 'yan shekarun 2000 ayisin SiRFstar III ce ta yi tashe saboda tana ji ko a ƙarƙashin bishiyoyi, in ka ga sunan a wata tsohuwa to ka san zamaninta.

Maganar jiran minti ashirin da nace. Taurarin a hankali suke karanto bayanin inda suke, bit 50 kacal a daƙiƙa, cikakken jadawalin sai ya ɗauki minti 12 da rabi. Na'urar da take aiki kullum tana riƙe da na jiya, ga wani ɗan batir kamar maɓallin riga ko kafasita akan fanel da ke riƙe mata agogo, shi yasa take kamawa da wuri. Taka kuwa ta shekara da shekaru tana barci, sai ta faro daga alif. Wayarka da kake gani tana kamawa nan take satar amsa take, ta intanet take ɗauko jadawalin.

Sauran kayan ba baƙi bane a wajenka. Babbar ayisi mai tafiyar da gilashi da madannai, kusa da ita ƙwaƙwalwar ajiya inda gonakin Baba suke, sai ɗan dogon kiristal na agogo 32.768 kHz irin wanda ke cikin agogon hannu. Wajen da wayoyin batir suka shigo zaka ga ɗan koyil da 'yan kafasita, su ke daidaita wuta, don batir biyu bolt 3 ne suna sababbi kuma suna ta sauka. Nan zaka fi dubawa. Sa mitar awon wuta ka ga ko wutar ta iso fanel, ka duba ko ruwan batir ya biyo waya ya shigo, zaka ga kore-kore ko layin tagulla ya cinye. Wannan yana gyaruwa da sifirit da ɗan guntun waya da dalma. Gilashi mai layi-layi sau da yawa fileks ne ya saki. Madanni da baya dannuwa datti ne ko robar ta tsage. Iya abun da ni da kai zamu iya kenan. In ayisin cikin gwangwani ce ta mutu sai dai a yi mata addu'a, kuma gaskiya ba kasafai take mutuwa ba.

In taka mai auna tsawon tudu ce zaka ga 'yar ƙaramar huda a jikin murfin, iska ce ke shiga wajen ma'aunin, kar ka tsokane ta da allura. Zoben robar nan kuma shi ke hana ruwa shiga, yawancinsu an yi su su jure zurfin mita ɗaya na minti 30, amma daga ranar da ka buɗe ka daina yarda da wannan alƙawarin, musamman mai gam da salatif. Ka turo min hoton fanel ɗin gaba da baya in ka kai nan.

TAMBAYA: Injiniya barka da aiki. Wani abokina ɗan jari bola yace tsofaffin GPS da wayar Thuraya akwai jan makyuri a ciki da zinare, wai akwai masu saye miliyoyi. Na samu guda biyu, in fasa? Daga mai bibiyarka a Azare.

AMSA: Malam kar ka fasa. Na buɗe su da hannuna ban san adadi ba, babu wani jan makyuri, kuma ba a GPS kaɗai ba, abun kwata-kwata babu shi. Jiya an ce yana cikin tsohon keken ɗinki, shekaranjiya tsohuwar rediyo da dutsen guga na gawayi, gobe za a ce kwanon kakarka. Kullum mai sayen yana can wani gari, sai ka biya kuɗin gwaji, sai ka biya kuɗin mota, daga nan waya a kashe. Ka taɓa ganin wanda ya gina gida da kuɗin? Ni dai masu sayar da akuya su bi sawu na gani.

Zinare kam akwai, amma shafe ne siriri a bakin 'yan ƙarafan haɗi don kar su yi tsatsa, wanda ke cikin guda biyun nan ko kuɗin kwanon masara ba zai baka ba. Masu cire shi a ƙasashen waje tan-tan suke tarawa a masana'anta. Kuma masu ƙona fanel a bayan gida ko jiƙa shi a asid su ji tsoron Allah, dalmar da aka like tsofaffin kaya da ita akwai guba a ciki, mun ga abun da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 wajen masu niƙa dutsen zinare a cikin gida, ɗaruruwa suka rasu. In suna aiki ka kai wa ɗaliban safiyo ko masu haƙa burtsatse, zasu saya da daraja fiye da kilo.

TAMBAYA: Salam Malam Injiniya. Ina da Keke Napep guda biyu da na ba yara suna min aiki a cikin Gombe, ɗayan kullum sai yace ba kasuwa, amma ana ce min ana ganinsa har Kumo da Dadin Kowa. Maigidana yana da GPS na hannu da baya amfani dashi, in na ɓoye a ƙarƙashin kujera zan riƙa ganin inda yake a wayata? Daga wata uwa a Jekadafari.

AMSA: Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a nema. A'a, ba zaki gani ba. Kamar yadda na faɗa wa ɗana a sama, wannan kunne gare ta bata da baki. Ita ta san inda take amma bata da hanyar faɗa miki. Akwai wasu masu tsada irin su inReach da ke tura saƙo ta wasu taurarin daban ana biyan kuɗin wata, amma da wuya ace ita ce a durowar Alhaji.

Abun da kike nema shi ake kira tiraka. In kika buɗe shi zaki ga irin ɗan Maggin nan dai da ayisin GPS, sai an ƙara masa abun da ke cikin wayar salula da gidan sim, shi ne bakin. Da batir ɗin keken ake haɗa shi, wasu har da rile da zaki kashe injin daga waya. Sai kin riƙa sa masa data, kuma inda ba sabis shiru zaki ji sai ya dawo cikin gari. Ki samu mai sawa da kika yarda dashi, kar a sa a gaban kowa saboda ɓarayi sun san wuraren da ake ɓoyewa.

Ta Alhajin tana iya yin abu ɗaya dai, tana zana duk hanyar da aka bi da lokaci, da dare sai ki duba ki ga ko layin ya miƙe zuwa Kumo. Amma batir ɗinta kwana ɗaya ne zuwa biyu, kuma ƙarƙashin kujera ƙarfe ya rufe ta ba lallai ta ji sama ba. Ni a ganina ma Hajiya, ki sa tirakan ki kuma faɗa wa yaron kin sa. Rigimar ta fi sauƙi, kuma in ya ce ya ajiye aiki washegari toh kin samu amsarki ba tare da kin sayi data ba.

TAMBAYA: Kawu muna rigimar iyaka da maƙwabcina akan fuloti 50 by 100 a bayan gari. Na ari GPS na auna, lambar da ta bani bata yi daidai da ta jikin takardar safiyo ba, bambancin da yawa. An cuce ni ne ko na'urar ce ta lalace, in kai a buɗe ta? Daga ƙaninka a Yelwa.

AMSA: Ƙanina ba abun da za a buɗe, kuma kar ka je ka zagi kowa tukuna. Abu biyu ne.

Na farko, GPS na hannu in sama a buɗe take kuskurenta mita 3 zuwa 5 ne, kusa da gini ko ƙarƙashin mangwaro ya fi haka saboda saƙon yana dukan bango ya dawo. Fulotinka ƙafa 50 ne a faɗi, wato mita 15. Kaga kuskuren kaɗai ya kai ɗaki guda. Ka gwada da kanka, ka ɗora ta akan bulo ka rubuta lambar da safe, ka dawo da la'asar, zaka ga bulon ya yi tafiya alhali yana nan. A gona mai hekta biyar wannan ba komai bane, shi yasa malaman gona ke aiki da ita lafiya lau wajen lissafin taki da iri. Da ma ya fi haka muni, kafin Mayun 2000 Amurka da gangan take gurɓata saƙon farar hula har kusan mita 100, Bill Clinton ne yasa aka daina. Safiyo na gaske na'ura biyu yake kafawa, ɗaya akan wurin da aka san lambarsa ɗaya yana yawo da ita, suna gyara wa juna, shi yake samun santimita.

Na biyu shi nafi zargi tunda kace bambancin da yawa. Na'urarka daga kamfani akan ma'aunin duniya da ake kira WGS 84 take, takardun filaye da yawa a Najeriya kuma akan ma'aunin Minna aka yi su, sunan garin Minna na jihar Neja inda aka kafa tushen awon. Wuri ɗaya ne amma lambobin sukan bambanta da sama da mita hamsin a yankinmu. Ka duba takardar da kyau a sama ko a ƙasa an rubuta wanda aka yi amfani dashi, ka shiga saitin na'urar wajen datum, wato ma'aunin, ka zaɓi Minna, tsarin lamba kuma in UTM ne, wanda ya raba duniya shiyya-shiyya, Bauchi da Gombe duk shiyya ta 32 muke. Zaka ga lambobin sun matso kusa. Kusa fa nace. Wajen kafa bulo ku nemo bikon ɗin siminti da aka binne a kusurwoyi, in an tone su ku haɗa kuɗi kai da maƙwabcin ku ɗauko safiyo mai lasisi, a kira mai unguwa ya tsaya a wajen, a ja tef kowa yana gani.